Fuskar Auta a Fejin Madam

Litinin, bakwai da rabi na safe

Yau ma Auta ba ta je makaranta ba. Ta ce kanta ke ciwo. Umma ta ce Allah ya sawwaƙe, ni ma na ce Allah ya sawwaƙe. Mu ukun mun san ba kai ba ne.

A waya nake wannan rubutun, wajen da nake ajiye adireshin kwastomomi. Abin dariya, ni da in na buɗe laif na ce "masoyana kuna ina" sai ka ga mutane suna shigowa kamar an watsa wa kaji tsaba, yau ba ni da wanda zan faɗa wa magana. Aku Umma take kirana tun ina ƙarama, wai ko barci nake bakina yana motsi. To Aku ta samu abin da ya fi ƙarfin bakinta. Rubutuna sai haƙuri, a aji uku na ajiye biro. Ba ma wanda zai gani.

Ni ce mai laif a shagon Madam. Man gyaran fata muke sayarwa. Kullum da rana in zauna gaban waya, in buɗe kwalba, in shinshina, in ce "kai jama'a, ku ji ƙamshi," kamar hancinsu yana cikin wayar. Kuma su saya! Wallahi ina son aikina, ba zan ɓoye ba. Ina son mutanena. Akwai wata baiwar Allah da take shigowa kullum daga gadon asibiti, wai dariyata ce maganinta.

Auta kuwa ƙanwata ce, mu biyu ne wajen Umma tun rasuwar Baba. Ita ta kwashe ƙwaƙwalwar gidan, ni aka bar ni da baki. Tana shekarar farko a makarantar nas. Ranar da ta kawo min cajata shago Madam ta kama haɓarta, ta juya ta hagu ta juya ta dama, ta ce, "Aku, kina da wannan a gida kika yi shiru? Wannan fatar ai jari ce." Auta ta yi ta dariya tana ɓuya a bayana. Daga nan ta fara zama gefena a laif in ta taso daga makaranta. Lokacin ne aka fito da sabon man, Madarar Wata.

Shi ke nan dai. Bari in tashi, ruwa ya tafasa.

Litinin, biyar na yamma

Na faɗa wa Madam yadda fuskar Auta ta koma. Ko gezau. Tana yanka tuffa tana ci.

"Saɓa ce," ta ce. "Tsohuwar fatar ce take fita. Maciji ma sai ya yi saɓa yake sheƙi. Kar ta kuskura ta tsaya a tsakiya, tsayawar ce take ɓata mutane."

Na ce Madam ruwa fa wajen yake yi.

"Dattin ne yake fita. Ke dai ɗauko min hoto in tura wa likitana. A haske fa, kar ki ɗauko min duhu."

Har kwalba guda ta ba ni kyauta in kai mata. Madam tana da kirki, kowa ya sani. 'Ya'yana take ce mana. Lokacin da Umma ta kwanta ciwon ƙafa ita ta aiko da direbanta.

Kwalbar tana cikin jakata. Ban fito da ita ba.

Talata, takwas na safe

Da ƙyar Auta ta yarda. Tana zaune bakin katifa da mayafi har hanci.

"Yaya, likita kawai ko?"

"Likita kawai."

"Ki rantse."

Na rantse. Na ɗage labule haske ya shigo, ta sauke mayafin ta runtse ido. Na ce yi murmushi mana Malama Nas, ko so kike likitan ya ce a gidanku ba a ba ki abinci? Ta gwada. Kumatun bai bar ta ba.

Na tura. Na goge daga wayata.

Laraba, tara na safe

Auta ta juya madubin ɗakinmu ya kalli bango. A gilashin waya na yi kwalliya.

Alhamis, bayan azahar

Likitan Madam wai ya yi tafiya.

Laif ya yi daɗi yau. Wata ta ce in yi mata irin dariyar nan tawa mai kama da tayar da tsohon janareta, na yi, aka yi ta turo zuciyoyi. Sun dame ni da ina ƙanwarki kyakkyawa, ina 'yar nas ɗinmu. Na ce jarrabawa take. Suka yi ta yi mata addu'a, ina ta amin amin.

Saɓa ce. Zai wuce.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, bayan la'asar

Bari in rubuta ko ƙirjina zai sake ni.

Ina cikin mota na buɗe fejin shago kamar kullum. Hotuna biyu a jere. Na hagu an rubuta KAFIN da jan rubutu. Na dama an rubuta BAYAN SATI UKU DA MADARAR WATA. Na daman shi ne wanda aka ɗauki Auta ranar da ta fara zama gefena, tana dariya, fuskar nan sumul kamar ƙwai. Na hagun kuma wanda na ɗauka ranar Talata ne.

A ƙasa mutane sai barka suke yi. "Masha Allah, aiki ga mai yi." "Kai, wannan da kamar an watsa mata ruwan zafi, Allah ya saka wa Madam." "Nawa ne babbar kwalba?" "Nawa?" "Nawa?" Har na wuce inda zan sauka.

Ko sallama ban yi ba na faɗa ofis. Tana waya, ta ɗaga min yatsa in jira. Kuma na jira! Ka ji ni fa. Na tsaya kamar an dasa ni har ta gama.

"Madam, hoton Auta."

"Kin gani ko? Tun safe waya ba ta huta ba."

"A juye yake. Na daman shi ne na da. Na hagun shi ne yanzu."

"To? Duka biyun ba fuskarta ba ce? Ta wani na ɗauko na liƙa? Ni ban yi wa kowa ƙarya ba. In ta warke ai haka za ta koma, kin ga gaba na hango mata ke nan."

"Likita kika ce."

"Shi ma na tura masa. Kuma na rufe idon, wa zai gane ta?"

Baƙin layin da ta sa a idon bai fi tsinken tsintsiya ba. Ga labulen ɗakinmu a baya, mai furanni ruwan ɗorawa. Ga ɗan kunnen da na saya mata.

Na durƙusa. Wallahi na durƙusa, na riƙe ƙafar tebur. Ta ce haba 'yata, tashi, za ki ɓata kwalliyarki ga laif ya kusa. Ta kama hannuna ta kai ni sito ta buɗe. Kwalayen Madarar Wata tun daga ƙasa har rufi.

"In na sauke yau, gobe a ce me ya faru. Mutane ba su da aiki sai zargi. Kin ga waɗannan? Ranar da suka ƙare, da hannunki za ki goge hoton. Alkawari na yi miki. Ke ce mai bakin, ya rage naki."

Na yi laif ɗin.

Asabar, goma na safe

Auta ba ta gani ba tukuna. Na ɓoye cajarta a buhun shinkafa, na ce ni ma ban gan ta ba. Na ce wa Umma hasken waya ma yana ƙara ciwon.

Lahadi, bayan azahar

Ƙawarta ta zo duba ta. Ƙawa! Da wayarta a hannu ta shigo. Wai a guruf ɗin ajinsu tun jiya ake yawo da shi, wani ya haɗa da hoton ƙadangare. Ta zo ne wai don kar Auta ta ji a bakin wasu.

Ina tsakar gida ina wanki ina jinsu. Na daɗe ina cuɗa riga ɗaya.

Da ta tafi na shiga. Na shirya magana mai tsawo, ni da baki ai ba a kayar da ni. Auta tana kwance ta ba ni baya. Na ce Autar Umma. Na ce 'yar nas ɗina. Na ce bari ki ji yadda aka yi.

Ta ce, "Kin rantse."

Shi ke nan abin da ta ce.

Litinin, huɗu na yamma

Umma ta rufe keken ɗinkinta ta ce yau sai asibiti. Mun yi layi tun safe. Likitar mace ce, ba ta da fara'a. Ta duba ta duba, ta cire safar hannu ta jefa a kwando, ta ce, "Me kuka shafa mata?"

Umma ta kalle ni. Na kalli takalmina. Wani bakin ya ɓalle ashe, ban lura ba.

Ta ce a daina yau yau. Ta rubuta magani. Ta ce ruwan zai tsaya, wani wajen zai koma daidai a hankali, wani wajen kuma, sai ta ɗaga kafaɗa. Auta ta yi mata tambaya da irin Turancinsu na asibiti, ita ma ta amsa da shi. Ban gane ba. Da na tambayi Auta a hanya ta juya tana kallon taga.

Likitar ta ce ya kamata mu kai ƙara. A mota Umma ta ce, "Ƙara wajen wa? Da bakin wa? Kuma wa zai ci gaba da ciyar da mu kafin a gama?" Ba da ni take ba, da jakarta take magana.

Talata, shida na yamma

Na ce wa Madam daga yau laif biyu zan riƙa yi, safe da yamma. Ta rungume ni.

Ni na kawo shawarar duk wadda ta sayi biyu a ƙara mata sabulu. Ni na ƙirƙiro waƙar ma, "Madarar Wata, ki kwana baƙa ki tashi fitila." Yara a layin shago har sun kama.

Kwalaye sun sauko daidai kaina.

Laraba, bayan azahar

Ana cikin laif wata ta rubuta, "Ba ke ce kike shafa mata da hannunki kullum muna kallo ba? Lokacin ai fuskarta lafiya lau take."

Na yi mata bulok.

Da na dawo gida na wanke kwanuka duka, har waɗanda Umma ta riga ta wanke.

Alhamis, tara na safe

Madam ta ajiye mana amsa a wayar shago, dannawa kawai ake yi. "Kada ki damu 'yar uwa, saɓa ce, tsohuwar fata ce take fita. Ki ci gaba, kar ki tsaya a tsakiya." Da zuciya guda biyu a ƙarshe.

Da can sai a yini ba a danna ba. Yanzu yatsana ya san wajen. Wasu da hoto suke turowa. Ba na buɗewa, daga ɗan ƙaramin ma ana gani.

Kwalaye sun zo kafaɗata.

Juma'a, biyar na yamma

Baiwar Allahn nan ta asibiti ta turo saƙo. Wai an kusa sallamarta, tana son babbar kwalba guda biyu, ba don komai ba sai don ni, in samu lada wajen uwar ɗakina. Wai ciwo ya sa ta yi duhu, tana so mijinta ya gan ta fes.

Na ce mata ya ƙare.

Ita kaɗai na ce wa ya ƙare.

Asabar, bayan azahar

Na shiga ɗakin baya ɗauko leda. Mai haɗa mana man tana tsaye kan babban bahon nan da injin kaɗa kek, safar hannu biyu biyu, hanci a ɗaure. Dattijuwa ce, ba ta shiga harkar kowa. Warin wajen har ido yake shiga, turaren sai a ƙarshe ake zubawa.

Na ce, "Iya, me ake sawa a ciki ne wai?"

Ta ce, "Abin da aka auna min."

"Na da ai bai yi haka ba."

"Na da sai a yi wata biyu ba a ga haske ba. Madam ta ce mutane ba su da haƙuri, in ba su gani a sati ba sai su koma wani shagon. Matsa, kar ya fantsar miki."

Na matsa.

Lahadi, bakwai na safe

Na kai wa Auta shayi. Na dawo na ɗauke shi da sanyinsa.

Talata, shida na yamma

Gwiwa! Kwalaye sun zo gwiwata. Muryata ta dishe, ina shan ruwan zafi da zuma ina ci gaba. Madam ta ce wa sauran yaran shago ku yi koyi da Aku, ita ba aiki take ba, ibada take.

Makarantar su Auta sun kira Umma. In ba ta koma ba za ta rasa zangon nan. Umma ta faɗa mata ta bayan labule. Ta ce, "In koma a matsayin wa, ɗaliba ko abin da za a koyi darasi a kai?"

Ta yi magana dai. Da Umma ta yi, amma ta yi.

Alhamis, bayan la'asar

Saura layi ɗaya a ƙasa! Ina ganin simintin sito. Ban taɓa sanin siminti yana da kyau haka ba, kamar in kwanta in yi birgima.

Na sayo mata alewar nan mai madara da take so, na tura ƙarƙashin bargon. Na ce Auta gobe. Gobe da hannuna zan goge. Wallahi. Na kama bakina, amma ya riga ya fita.

Ba ta fito daga bargon ba. Amma na ji ƙarar ledar alewar.

Juma'a, goma na safe

Babbar mota ce a ƙofar shago. Ana ta sauke kwalaye.

Juma'a, sha biyu na rana

Har rufi. Har bakin ƙofar banɗaki.

Madam ta ce, "To ya kike so in yi? Ke kika jawo da wannan bakin naki mai albarka. Mutane suna nema, in ce musu babu? Ai ban karya alkawari ba, cewa na yi in sun ƙare. Kin ga sun ƙare?"

Tana dariya take faɗa. Ta ɗauka ni ma zan yi.

Asabar, biyar na yamma

Ban shirya ba. Na zauna, na ce masoyana kuna ina, na buɗe kwalba zan shinshina, sai na ji ba zan iya kai ta hancina ba. Daga nan ban san me ya hau kaina ba. Na ce kar ku saya. Na ce wadda ke hoton ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma hoton a juye yake. Na ce duk wadda take shafawa ta tsaya yau, ba saɓa ba ce. Kuka da majina, gashin idon da na liƙa ɗaya ya sauko kumatu.

Ina jira a fizge wayar. Ba wanda ya taɓa. Na ɗaga kai sai ga Madam tsaye a bayan wayar, idonta a kan adadin masu kallo. Ta kalle ni ta juya yatsa haka, wato ci gaba.

Ban taɓa tara mutane irin na yau ba.

Na ɗauki jakata na fito. Ba ta kira ni ba. A hanya ƙirjina wasai. Na ce wa Umma na bar aiki. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta ci gaba da taka keke, ba zare a allurar.

Lahadi, goma na safe

An sauke hoton. Na duba na sake dubawa. An sauke!

Na nuna wa Auta fejin ta saman bargo. Ta leƙa ta mayar da kai.

Litinin, bayan azahar

Madam ta yi laif da kanta, ba kwalliya, da baƙin mayafi. Ta yi kuka ya fi nawa kyau. Wai maƙiya ne suka buga jabun Madarar Wata suka cusa a kasuwa, har ya shigo cikin kayanta ba ta sani ba, har ya taɓa ƙanwar yarinyar da ta riƙa kamar 'yar cikinta. Maganar hoton kuwa wai yaron da ke kula da fej ne ya yi kuskure, ta kore shi. Wane yaro? Ita kaɗai ke da lambar sirrin fejin nan.

Sai ta sa bidiyona. An yanke. An bar "ƙanwata ce," an bar kukan, an bar gashin idon a kumatu. An cire "kar ku saya."

Ta ce ba za ta yi barci ba sai ta share hawayen duk wadda jabu ya taɓa. Ta ɗago wata koriyar kwalba. Madarar Wata Mai Gyara.

Umma tana kallo ta kafaɗata. Ta ce, "Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi."

A ƙasa: "Allah sarki Madam." "Allah ya tona asirin maƙiya." "Nawa ne koriyar?"

Waɗanda suka turo min hotuna su ne a gaban layi.

Laraba, bayan la'asar

Madam ta zo gidanmu. Motarta ta toshe layi, maƙota duk sun fito shan iska lokaci ɗaya. Ta shigo da kwandon 'ya'yan itace naɗe da leda mai ƙyalli, ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta kira Umma "Mama."

Abin da take so: Auta ta riƙa zama a laif kullum, fuska a buɗe, mutane su ga yadda Mai Gyara yake aiki sannu a hankali. Har suna ta raɗa wa abin, Tafiyar Auta. Ita kuma ta ɗauki asibiti, ta ɗauki makaranta. Ni ma in koma, kujerata tana nan.

Umma ta miƙe. Ban taɓa ganin Umma ta miƙe wa baƙo ba. Ta ce, "Baiwar Allah, ɗauki kwandonki."

Sai labule ya motsa. Auta ta fito ba mayafi. Tun ranar asibiti ban ga fuskar a haske ba. Madam kanta sai da ta kau da kai.

Auta ta zauna ta tanƙwashe ƙafa ta ce, "Nawa?"

Umma ta ce ke! Auta ko kallonta ba ta yi ba. Madam ta faɗa. Auta ta yi 'yar dariya ta gefen da yake motsi, ta ce, "Wannan kuɗin kumatu ɗaya ne. Ga goshi, ga wuya." Suka yi ta ja kamar masu cinikin akuya. Ta ce duk wata za a biya ta kafin ta zauna, ba bayan ta tashi ba. Ta ce kuma man ba zai taɓa fatarta ba, maganin likita za a zuba mata a koriyar kwalbar, shi za ta shafa a gaban waya.

Madam ta gyara zama. Sai ta tafa hannu ta ce, "Aku, ashe ke baki kawai gare ki. Ga 'yar kasuwa nan."

Umma ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Alhamis, takwas na safe

Na roƙe ta. Na zauna ƙasa na riƙe ƙafarta. Na ce Auta an sauke hoton fa, abin da muke nema ke nan. Na ce zan nemi wani aikin, ko shara ce. Na ce ke nas za ki zama, kin fi ni sanin abin da ke cikin bahon nan, kala kawai aka canza. In fuskarki ta yi sauƙi da maganin likita, mutane koriyar kwalba za su saya su shafa.

Tana taje kai. Ta juyo da madubin da kanta, tana kallo ba ta ko ƙifta ido.

Ta ce, "Su ma ai suna da yayye. Su kula da su."

Na ce don girman Allah.

Ta ce, "Ke kyauta kika bayar da ita. Ni sayarwa zan yi."

Alhamis, bayan azahar

Umma ta ce in bi ta. Wai kar ta tafi ita kaɗai.

Asabar, bayan magariba

An yi. Ita a kujerata, ni a gefe da kwalba a hannu. Ta zauna da mayafi har hanci, ta bari mutane suka taru, suka taru, Madam tana ta yi mata alamar yanzu, ita kuma ta ƙi. Sai da aka fara roƙonta sannan ta sauke, a hankali, ta juya musu ɓangaren da ya fi lalacewa. Muryarta ko rawa. Ta ce, "Ku kalla da kyau, kar ku ji kunya. Ni ma da haka nake kallon na wasu."

Ba ta yi waƙa ba, ba ta shinshina komai ba. Kafin la'asar koriyar kwalba ta ƙare, ana rubuta sunayen masu jira.

A motar dawowa ta zauna kusa da ni. Kafaɗarta tana taɓa tawa. Na ƙi motsi don kar ta janye. Wajen gidan mai na ji ta ce, "Yaya."

Rabon da ta kira ni haka! Na ce na'am Autata, na'am.

Ta ce, "Gobe in na sauke mayafin, a lokacin za ki fara kukan. Yau kin yi saurin farawa, mutane ba su gama shigowa ba."